Habeas corpus: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a ku taya ni, kalmar nan ta tsaya min a rai tun watan jiya da aka kama ƙanen maƙwabcinmu aka riƙe shi kwana tara ba a kai shi kotu ba, uwarsa kullum tana zuwa da kular abinci ana ce mata ki dawo gobe. Lauya ya ce za a nemi habeas corpus, ta juyo ta ce min "ɗana, belin ne?" wallahi na rasa abin da zan ce mata.

Ba beli ba ne. Kalmar Latin ce, ma'anarta kusan "ka zo da jikin mutumin". Alƙali ne ke umartar wanda ya tsare mutum ya kawo shi gabansa ido na ganin ido, ya faɗi dalilin da ya sa yake riƙe da shi, in dalilin bai tsaya a doka ba a sake shi.

Tushen abin a Ingila yake. A 1215 manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki John ya amince da wata takardar yarjejeniya da ake kira Magna Carta, a ciki aka ce ba za a kama ko a ɗaure ɗa mai 'yanci ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa. Sai 1679 majalisarsu ta yi wa habeas corpus doka tata ta kanta. Mu ma a Najeriya sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kawo jiki", ni dai bai kwanta min ba, Bahaushe na ji zai ɗauka gawa ake nufi. Wata ta ce sammaci kawai, to ta kusa, sai dai sammacin da muka sani wanda ake ƙara ake kai wa, wannan kuwa mai mukullin ɗakin ake aika wa. Na so "sammacin a-fito-da-shi" don yana da daɗi a baki amma mata fa, su ma ana tsare su.

Don haka na tsaya a kan sammacin fito da tsararre. Na gwada wa Iya, uwar wanda aka kama ɗin, jiya, nan take ta ce to yaushe za a kai musu. Lauyoyinmu da 'yan rediyo, in da inda ya saɓa wa doka ku gyara min.