Oba-oba da takardun kwale-kwale a Tiga: wa ya taɓa yi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa kwale-kwale mai injin Yamaha, zan sa shi a dam ɗin Tiga, ƙanen matata zai riƙa fito da shi. Ni ina cikin gari, ga sabis yana ɗaukewa in an shiga tsakiyar ruwa. An ce in sayi oba-oba biyu, ɗaya a jirgi ɗaya a gaɓa. Sai da lasisi ne? Kuma duba jirgin NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida, ke fara yi ko rajista? Kafin Juma'a nake son yanke shawara.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Alhaji rigar ruwa tukuna. Ka tuna Bagwai, 30 ga Nuwamba 2021, 'yan Islamiyya daga Badau za su maulidi, sama da mutum 20 suka rasu a dam ɗin Watari. Lodi ne ya yi yawa. Allah Ya jiƙansu.

Injiniya Hotoro: Amin. Rediyon jirgi daban yake da na masu gadi da ake sayarwa a Sabon Gari. Na ruwa nau'in da ake kira VHF ne, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya, amma a teku ake da masu sauraronta dare da rana. A Tiga in ba ka ajiye mutum a gaɓa ba, iska za ka yi wa magana. Batun mitar rediyo NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, za ka tambaya, jirgin kuma NIWA.

Mai Kifi Galadima: Ni ku bar ni da zancen takarda. Bara na yi komai, na sayi riguna sababbi fil, na rubuta lamba da fenti a jikin jirgin. Wata safiya wasu suka zo da riga mai tambari, suka ce takardata ba tasu ba ce. Suka kwance injin suka jefa a bayan mota, yarona yana riƙe da igiyar tayarwa yana kuka. Da na karɓo shi farfela ta lanƙwashe, ruwa ya shiga kafireto. Lokacin kifi ya wuce, bashin da na ci a kasuwa har yau ina biya. Ba wanda ya ƙwanƙwasa katakon jirgin ya ga ko yana yoyo. Wallahi ko leƙawa ba su yi ba.

Baban Khalifa: Innalillahi. Ka je wajen Sarkin Ruwa?

Mai Kifi Galadima: Shi ya sa baki aka sako injin. Ba don shi ba da na haƙura.

Ɗan Fagge: Allah Ya mayar da alheri. To oba-obar nawa take?

Abban Kurna: Dubu 35 na sayi biyu.

Injiniya Hotoro: Wannan ba ta ruwa ba ce, raɓa ma kashe ta take. Tawa guda ɗaya ta haura dubu 100.

Abban Kurna: Injiniya, kai a Apapa ka yi aiki. Ka taɓa taka ruwan Rurum da ke gefen Tiga? Tawa tana aiki har yau, a leda nake ƙulle ta.

Injiniya Hotoro: Ranar da jirgi ya kife ai ba ka da lokacin kwance leda, ɗan uwa.

Autan Gwammaja: Ku ba ƙanen matar Ɗan Fagge usur kawai, na alƙalin wasa. Ba caji ba lasisi.

Hajiyar Zoo Road: Auta ba wasa ake ba, ko da yake usur ɗin ma akwai shi a jikin riga mai kyau. Na sayo riguna goma a kasuwa don jirgin maigidana, muka gwada ɗaya a kududdufi, soso ne na katifa a ciki, ya sha ruwa ya nutse. Wa ke duba waɗannan kafin su shigo kasuwa?

Mai Kifi Galadima: Hajiya irinsu aka sayar min. Zif ɗin ya tsinke a sati guda.

Abban Kurna: A wane layi kika saya, Hajiya? Rigunana ma ruwan lemo ne masu baƙar igiya, bari in je in farke ɗaya in gani.