Shin injin babur mai bugu biyu zai iya jan ƙaramar motar da aka ƙera a gida?

Mai Walda:
Assalamu alaikum. Ina haɗa wata ƙaramar mota mai kujera biyu, na riga na gama waldar ƙashinta da bututun ƙarfe, inji kawai ya rage. Akwai injin babur mai bugu biyu a hannuna, irin wanda ake gauraya wa baƙin mai da fetur, silinda biyu gare shi, kuma iska ce ke sanyaya shi. Rashin nauyinsa da sauƙin gyaransa ne suka ja hankalina. Masana, shin zai ɗauki wannan aiki?

Tsohon Makanike:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai ɗauka, muddin motar ba ta da nauyi, kuma ba kai ka fara ba. Ƙaramar motar Messerschmitt KR200 da aka ƙera a Jamus daga 1955 injin Sachs mai bugu biyu, mai cc 191, ne ke jan ta, Trabant ta Jamus ta Gabas kuwa ta kai 1991 ana ƙera ta, galibinta da inji mai bugu biyu.

Sai dai akwai abin da nake so ka riƙe da kyau. Wannan inji ba shi da wani baƙin mai a ajiye a ƙasansa, wanda ya shiga tare da fetur shi kaɗai ke jiƙa fistin da karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa. Idan kana gangarowa daga tudu a cikin giya, ka ɗage ƙafa daga totur, tayoyi ne za su ci gaba da juya injin da gudu alhali man da ke shiga ya kusa yankewa. A babur abin kan zo da sauƙi, domin gangarar ba ta daɗewa kafin mahayi ya kama kuloci ko ya murɗa totur, amma nauyin mota yakan daɗe yana tura injin, har fistin ya yi zafi ya kama jikin silinda. Saboda haka ne kamfanin Saab na Suwidin ya sanya wa motocinsa masu irin wannan inji wata na'ura da ke sakin injin daga tayoyi da zarar direba ya saki totur. Idan ka sa irin wannan na'ura, to birki kaɗai zai riƙe ka a gangara, don haka kada ka yi masa rowa.

Injiniya A.:
Ƙari a kan bayanin Malam, galibi giyar babur ba ta da ribas. Masu KR200 kashe injin suke yi su tayar da shi a juye, abin da inji mai bugu biyu ke iya yi, amma ya fi maka sauƙi ka haɗa ƙaramin injin lantarki domin komawa baya. Sannan injin da ya saba shan iska a fili, idan aka rufe shi cikin jikin mota ba tare da fanka ba, zai ƙone a cunkoso. Kada kuma ka lanƙwasa salansarsa yadda ka ga dama don ta samu wuri, domin kumburin cikinta da tsawonta suna daga cikin abin da ke ba shi ƙarfi.

Mai Nazari:
Ni dai a ganina wahalar ta fi amfanin yawa. Ƙarfin wannan inji ba ya fitowa sai ya ɗauki gudu sosai, mota kuwa a wurin tashi take buƙatar ƙarfi, ke nan kuloci ne zai riƙa shan wuya. Ga shan mai, ga hayaƙin da zai iya hana motar rajista a ƙasashe da dama.

Tsohon Makanike:
Maganarka gaskiya ce game da kuloci, amma tana da magani: ya ƙara girman faifan sarƙa na baya, gudu zai ragu, tashi ya yi sauƙi. Mai Walda, ka auna ƙashin motar tare da tayoyi da mutum biyu ka kawo mana nauyin, da girman injin, sai mu lissafa maka haƙoran faifan.