Ruwan ma'adinai na gora: me ya sa bakteriya ke ƙaruwa a ciki?

Ɗalibar_lab: Assalamu alaikum malamai. Ruwan ma'adinai na asali irin Evian ko Volvic na Faransa, in aka gwada bayan ya yi mako a kanti, sai a samu bakteriya dubu goma ko fiye a mililita ɗaya. Gurɓata ce, ko kuskuren gwaji?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ba ko ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta hana a kashe ƙwayoyin irin wannan ruwa, ba kulorin, ba hasken UV. Yadda ya fito daga ƙasa da bakteriyarsa, haka za a ɗura shi. A maɓuɓɓuga ba su da yawa, ana son kada su wuce 20 a mililita in an rene su a digiri 22 na awa 72. Da sun shiga gora sai su samu iska da ɗumi, ga bangon roba da za su manne, cikin 'yan kwanaki adadin ya haura dubu goma, har dubu ɗari. Galibinsu dangin Pseudomonas ne da Caulobacter da Sphingomonas, masu rayuwa da ɗan abinci ƙalilan, ba sa cutar da mai lafiya. Ruwa mai gas bai cika yin haka ba, tsaminsa na danne su.

Hajiya Mairo: 'Yata, kula da lokaci. Iyakar da dokar ta sa, wato bakteriya 100 a mililita a digiri 22 da 20 a digiri 37, ta shafi samfurin da aka auna cikin awa 12 da ɗurawa ne, yana ajiye a digiri 4. Gorar kanti ba a yi mata wannan hukunci. Kuma abincin renon na canza lissafi: R2A, farantin reno mai ɗan abinci kaɗan, a digiri 22 na kwana 5 zuwa 7 ya fi fito da su, faranti mai abinci da yawa kuwa yana ɓoye rabinsu ko fiye.

Abin dubawa shi ne ki tace mililita 250 ta matata mai ƙofofi masu faɗin maikromita 0.45. Bakteriya irin E. coli, kolifom, enterokokai da Pseudomonas aeruginosa, ko ɗaya kada a gani. Bakteriya masu ƙwanso da ke rayuwa ba iska, a mililita 50 ake nemansu. Ganin E. coli na nufin najasa ta kai ga rijiyar, sau da yawa bayan ruwan sama mai ƙarfi ko tsagewar bututu.

Injiniya Bala: Haka ne Hajiya. Kan wannan doka ta hana kashe ƙwayoyi ne Nestlé ta shiga uku a 2024, da ta amsa cewa ta yi amfani da UV da matatar gawayi a ruwan Perrier da Vittel. Ruwan ledarmu daban ne, shi dole a tace a kashe ƙwayoyinsa, don haka kada ki ɗauki uzurin can ki ba shi.