Tambayoyi kafin bitar adana bayanan bincike: Google Forms ko takarda?

Hajara Laburare: Assalamu alaikum. An ɗora mini shirya bitar kwana biyu kan adana bayanan bincike, ɗaliban digiri na biyu da na uku ne, mutum 40. Ina so in san inda kowa ya tsaya kafin ranar: wa ya iya Excel, wa ya taɓa SPSS ko R (manhajojin nazarin alƙaluma), ina suke ajiye bayanansu. In tura tambayoyin a fom ɗin intanet na Google Forms ta WhatsApp ko in buga takarda? Saura mako biyu, kuɗin bugawar kuma daga aljihuna zai fito.

Injiniya B: Wa alaikumus salam. KoboToolbox kawai, manhajar tattara bayanai ce, tana aiki ko babu intanet.

Hajara Laburare: Injiniya, ba ƙauye zan shiga ba, tambaya takwas ce.

Dakta Samaru: Kada ki rubuta "ka iya SPSS?" Kowa zai ce e, ranar kuma ko fayil ba za su iya buɗewa ba. Ki ce "yaushe rabonka da shi, me ka yi da shi?"

Ɗan Mastas: Ni dai an gama da ni. Mun cike irin wannan fom kafin wata bita, aka tambayi abin da muke bincike a kai, na zayyana komai. A bitar aka ce raba bayanai alheri ne. Na miƙa wa wani malami bayanan manoma da na yi wata huɗu ina tarawa a babur, cikin damina. Bayan shekara sai ga maƙala ta fito, teburana ne ɗaya bayan ɗaya, sunana ko a godiya babu. Na kai ƙara, aka ce in yi haƙuri in dai ina son in kammala. Allah ya isa.

Dakta Samaru: Da ka sa su a Zenodo, ma'ajiyar bayanan bincike ta intanet, ka samu lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin, da kana da hujja da kwanan wata.

Ɗan Mastas: Ranka ya daɗe, ku da ke zaune a ofis wa zai taɓa naku? Wanda ya sha dukan shi ya san zafinsa.

Maman Ilham: Hajara, ki buga kawai. Naira 50 ne shafi, dubu biyu ta ishe ki.

Injiniya B: Hamsin a ina? Jiya 100 na biya, wai kuɗin man janareta.

Sarkin Barkwanci: Tambaya ɗaya ce za ta sa kowa ya cike: shinkafa da kaza ko tuwo?

Maman Ilham: Kai dai bari. Mu tamu bitar ko ruwan leda ba a ba mu ba, satifiket kuma yau wata bakwai ana cewa ba a sa hannu ba.

Hajara Laburare: To jama'a, fom ɗin fa?

Injiniya B: Maman Ilham, ku ma? Namu sai da muka biya kuɗin bugawa, har yanzu shiru.