Idan aka damƙa titin Zariya zuwa Kano ga kamfani, mu direbobi ina muka tsaya?

Direban Kwangila:
Salamu alaikum jama'a. Sharon nake ja daga Kwangila da ke Zariya zuwa Kano. Tun da aka fara karɓar kuɗin tolget a hanyar Keffi zuwa Makurdi a 2025, ba mu da hira a tasha sai wannan, wai mu ma namu na nan tafe. Ni dai ba biyan nake ƙi ba. Kafin a gyara hanyar nan, Allah kaɗai ya san abin da taya da sifirin suka cinye min. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, titin nan da kuɗin gwamnati Julius Berger ya yi shi, kwangilar tun 2017. To kamfanin da bai zuba ko kwabo ba, da wace hujja zai zo ya kafa mana shinge? Masana ku fahimtar da ni don Allah.

Malami a Samaru:
Wa'alaikumus salam, Malam direba. Tambayarka na kan hanya. Haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa iri-iri ne. Akwai wanda kamfani zai yi aikin da kuɗinsa, ya ci moriyarsa na wasu shekaru, sannan ya mayar wa gwamnati; haka aka yi tashar jirgin sama ta MMA2 a Legas, wadda aka buɗe a 2007. Akwai wanda zai gina titi a zare masa kuɗin daga harajinsa, kamar yadda Dangote ya yi titin Apapa zuwa Oshodi. Wanda kake tsoro shi ne na kula da gyara kawai, kuma shi ma ba laifi ba ne, don titin da tirela ke taka dare da rana in ba mai lura da shi, damina kaɗan zai koma gidan jiya. Magana tana ga takardar yarjejeniya: cikin kwana nawa za a cike rami, akwai motar janwe da ta ɗaukar masu rauni, kuma wa ke da ikon ƙara farashi. Hukumar kula da haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa a kan ayyukan more rayuwa, wato ICRC, da dokar 2005 ta kafa, ita ce ke sa ido a kan irin wannan.

Hajiya mai hatsi:
Malam, bayaninka ya yi, amma duk abin da direba ya biya a kan buhuna zai sauka, ni kuma in ɗora wa mai awon tiya. Sannan kamfani inda motoci suke yake bi. Wa zai zuba kuɗinsa a hanyoyin ƙauyukan Giwa da Soba, inda masarar take fitowa? Da damina babur ke fito min da buhu ɗaiɗai zuwa bakin kwalta, nan ribata take ƙarewa. Ko a Legas ma, titin Lekki zuwa Epe shekara 30 aka ba kamfani, ba a je ko'ina ba gwamnatin jihar ta sayi abinta.

Direban Kwangila:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Tolget ɗin da Obasanjo ya soke a ƙarshen 2003 mun gan su, ana biya ramukan na nan. In za a dawo da su, a kawo mana yarjejeniyar da Hausa a liƙa a ofishin ƙungiya, a kuma janye masu yankar rasit na kan hanya. Malam, a doka muna da damar neman ganin takardar kafin a sa hannu?