Muhawara: Shin TADF ya kawo ƙarshen iridiyam a fuskokin OLED?

Malamin Fiziks: Ra'ayina shi ne zamanin ƙarfen iridiyam a OLED, wato fuskar waya da kowane ɗigonta ke ba da haske da kansa, ya kusa ƙarewa. Idan lantarki ya ratsa sinadarin OLED, kashi 25 cikin 100 ne kawai na ƙwayoyin da aka zaburar ke shiga yanayin singilet mai ba da haske nan take, sauran 75 su faɗa tiriflet, inda ƙarfinsu kan salwanta ya zama zafi. Ƙarfe mai nauyi irin su iridiyam ne ya fara ceto wannan asara, tun daga aikin masana Forrest da Thompson a 1998. Amma a 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu ya nuna cewa idan tazarar yanayin biyu ta ƙanƙance, ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya mayar da tiriflet singilet, ba tare da wani ƙarfe ba, dabarar da ake kira TADF.

Ɗalibar Sinadarai: Malam, ban musa aikin Adachi ba, sai dai ja da koren wayoyin da ke kasuwa har yau iridiyam ke kunna su. Hasken TADF na farko launinsa a baje yake, masu ƙera fuska kuwa tsantsar launi suke nema.

Mai Gyaran Waya: Abin da nake gani a kan teburina shi ne shuɗi ke riga sauran gajiya. Farin fuskar sai ya koma ruwan ɗorawa, inuwar agogo da alamar batir su manne a sama.

Malamin Fiziks: Ai ka ƙara mini hujja, ɗan'uwa, domin shuɗin nan ne ya daɗe yana gagarar iridiyam. Batun launi kuma masanin Japan Hatakeyama ya magance shi a 2016 da sinadarai masu boron da naitirojin. Ga shi iridiyam yana da ƙaranci, akasarinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

Ɗalibar Sinadarai: Allah ya gafarta Malam, abin da ke kashe shuɗin iridiyam shi ke kashe na TADF. Hasken shuɗi na ɗauke da ƙarfin kusan elektoron-bolt 2.7 (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske), kuma tiriflet kan daɗe a zabure kafin ya juya, don haka idan biyu suka haɗu, ƙarfin da ke taruwa a ƙwaya ɗaya yana iya tsinke haɗin sinadarin. Cire ƙarfe bai gajarta wannan jiran ba.

Malamin Fiziks: Shi ya sa ake raba aikin biyu, TADF ya tattaro tiriflet, ya miƙa wa wani sinadarin mai saurin haskawa.

Ɗalibar Sinadarai: To, Malam, sai a nuna mana awa nawa irin wannan shuɗin ke yi kafin ya dusashe.