Lantarki daga cikowar teku: amana ce ko tsada ce zalla?

Injiniya: Ni fa ina nan a kan bakana. Cikin hanyoyin samar da lantarki da ba sa ƙarewa, babu mai cika alkawari kamar cikowar teku da janyewarta. Rana kan ɓuya a bayan hadari, iska ta kwanta kwana uku, amma wata ba ya fashin jan ruwan teku. A yawancin gaɓoɓi duk bayan awa 12 da minti 25 ruwan yake cikowa, kuma ana iya lissafa lokacinsa na shekaru masu zuwa. Tashar La Rance ta Faransa tun 1966 take aiki da megawat 240, har gobe tana ba da wuta.

Malamar kimiyya: Injiniya, sanin lokacin zuwan baƙo daban, zuwansa lokacin da ake buƙatarsa daban. Kullum cikowar tana jinkirin kusan minti 50. Yau ta zo da magariba kowa ya kunna fitila, bayan mako ɗaya ta koma tsakar dare mutane na barci. La Rance ɗin ma, in ka tara wutar da take bayarwa a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙarfin injinanta.

Ɗalibi: Ku gafarce ni, wannan ita ce wutar igiyar ruwa?

Injiniya: A'a ɗan'uwa, igiya iska ce ke kaɗa ta. Wannan kuwa tekun ne kansa yake hawa yana sauka. Ana gina madatsa a bakin kogi, ruwa ya taru a gefe ɗaya, a sake shi ya bi ta cikin farfela ya juya ta. A mashigin Fundy na Kanada hawan kan kai mita 16.

Dattijo: Tunda ka ambaci Kanada, tashar Annapolis da suka buɗe a 1984 an rufe ta a 2019, bayan na'ura ta lalace, ga kuma kukan kashe kifi. Abin da ya fi damuna ke nan. Bakin kogi wurin hayayyafar kifi ne, masunta da shi suka dogara. Ka datse shi, laka ta taru. Batun kuɗi kuwa, gwamnatin Birtaniya ta ƙi aikin gina irin wannan tasha a gaɓar birnin Swansea a 2018 saboda fam biliyan 1.3 da zai ci.

Injiniya: Baba, game da madatsa maganarka dutse ce. Shi ya sa hankali ya koma ga farfelar da ake kafawa a ƙasan teku, ba tare da an toshe komai ba. Ruwan teku ya ninka iska nauyi kusan sau 800, don haka ƙaramar farfela tana yin aikin babba. Je ka ga tashar MeyGen a arewacin Sikotilan, irin wannan farfela ce a can.

Malamar kimiyya: Farfela huɗu ne fa, megawat 6 gaba ɗaya. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, kuma in guda ta lalace sai an ɗauko jirgin ruwa, a jira ruwa ya lafa, kafin a ciro ta. Ban ce a watsar ba. Koriya ta Kudu ta yi dabara a Sihwa a 2011: katangar teku na nan tuntuni, suka dasa injinan megawat 254 a jikinta. Inda wuri ya ba da irin wannan dama, ina tare da kai. Amma gaɓar teku nawa ce a duniya take da shi?

Injiniya: Ba su da yawa, Malama, na yarda. To waɗanda Allah ya ba, me suke jira?